Shekara Ashirin Babu Sale, Shingensa Yana Nan

Saura kaɗan in fasa wannan rubutu. Na ɗauki biro na ajiye, na sake ɗauka na sake ajiyewa, har maiɗakina ta leƙo ta ce ko wasiyya nake haɗawa. Dalili kuwa, an hore mu da faɗin alherin wanda ya riga mu, ni kuma abin da ke bakina game da Sale ba duka ne alheri ba. Amma da na tuna taubashina ne, ɗan kawuna, wanda tun muna yawo ba wando al'ada ta ba ni izinin tsokanarsa, sai na ce ai mutuwa ba ta karɓe izinin nan ba. Bana shekara ashirin ke nan da muka kai shi makwancinsa a Haɗeja. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa. Ni dai akwai abu guda da har yau ban gama yafe masa ba, shi zan ba ku labari.

Ga wanda bai san mu ba, kakanmu Babarbare ne, daga bakin tafkin Chadi ya taso, ya sauka wajen Guri aka ba shi fadama. Shi ya haifi baban Sale da mahaifiyata. Sale ya yi boko har ya zama malamin gona, riga kullum a goge, biro a jere a aljihu kamar mai sayarwa. Ni kuwa aji bai karɓe ni ba, na kama fataucin tattasai da bandar kifi, yau ina Ikko, gobe Anaca, jibi Difa ko Kwatano. Yana kirana Ɗan Tasha, ina kiransa Bature.

Fadamar Kaka tamu ce, kowa ya sani. Amma ba mu taɓa riƙe ta shekara ɗungurungum mu kaɗai ba. Da farkon damina mu shuka shinkafa. In kogi ya tumbatsa ya shafe wurin, masunta su shigo da gora da koma su bi kwarin da ya ratsa tsakiya, ba mai ce musu kanzil, su kuma su aiko gida da na miya. In ruwa ya ja muka yanke shinkafa, sai Arɗo Buba ya iso da shanunsa, su cinye abin da ya rage a ƙasa, su bar mana taki. Ba takarda, ba shaida. Kowa ya san lokacinsa, kowa ya san lokacin ɗan'uwansa.

Kun san tsakanin Bafillace da Babarbare sai wasa. Tun daga nesa za ka ji muryar Arɗo: "Ina bayina Barebari? Ubangidanku ya iso, a kawo ruwa!" Kawu kuma, baban Sale, ya amsa daga cikin gona: "Ɗan daji, sauro ya koro ka ke nan? Zo ka ga yadda mutane ke zama!" Matansu su sauke ƙoren nono da man shanu, mu kuma a cika musu da shinkafa. Ni ƙaramin bawa yake ce mini. Na yi gemu na yi aure, ban tashi daga ƙaramin bawa ba.

To, bayan an ba mu jihar Jigawa da 'yan shekaru, aka tura Sale aiki da wani shirin raya fadama a cikin Haɗeja. A ofishin akwai kwamfuta guda ɗaya tak, an lulluɓe ta da ƙyalle, ba mai taɓa ta sai Bitrus, wani mutumin Filato mai fara'a da ya zauna da mu har ya fi mu iya cin tuwon shinkafa da miyar kifi. Shi ya zo da wani wasan kwamfuta a faifai daga Jos. In an tashi aiki da rana, kafin mai gadi ya kashe janareta, sai su ja kujeru.

Da na ji an ce wasa, na ɗauka irin na harbe-harben nan ne da na gani a Ikko, ana dannawa ana ihu. Ashe wannan ba gaggawa a cikinsa. Kamar dara yake: ka yi naka, ka danna, sauran sarakuna su yi nasu, a dawo kanka. Ana ba ka 'yan mutane kaɗan a tsakiyar daji, sauran duniya duk baƙi ƙirin, sai inda ka taka yake buɗewa. Ƙasar kuma an yanka ta gida-gida. Kai za ka zaɓi inda za ka kafa gari. Da ya kafu sai tambayoyi su yi maka caa. Rumbu za ka fara ginawa ko ganuwa? Malamanka su fara neman sanin rubutu, ko ƙira, ko hawan doki? In ka ɗauki rubutu, ilimi ya yi gudu, amma maƙwabcinka mai takobin ƙarfe ya same ka da alƙalami a hannu. In ka ɗauki ƙira ka ci garuruwan mutane, talakawanka su yi maka bore don ba ka gina musu kasuwa ba. Ka ƙara haraji, baitulmali ya cika, malamai su zauna da yunwa. Kana iya zama sarki mai kama-karya, kana iya kafa majalisa, amma majalisar ta hana ka yaƙi ranar da ka fi bukatarsa. Abin da ka zaɓa tun garinka yana bukka biyu, sai ka manta da shi sannan ya zo ya shaƙe ka.

Ba zan yi muku ƙarya ba, abin akwai zurfi. Wanda ya ƙera shi ba ƙaramin shu'umi ba ne. Shi ya sa na tsane shi. Da wasan banza ne, da bai ci mini ɗan'uwa ba.

Sale kuwa kamar don shi aka yi. Ya ci wasan da yaƙi, ya sake ya ci da fatauci, ya sake ya ci bai zare takobi ko sau ɗaya ba, ilimi kawai ya yi ta tarawa har mutanensa suka ƙera jirgin zuwa taurari. Ya dawo zaure yana ba mu labarin yadda ya yaudari Farisawa da sulhu kafin ya gama ganuwa, kai ka ce daga fagen fama ya dawo, alhali ko gumi bai yi ba.

Wata rana na dawo daga Anaca na biya ofishin, suka zaunar da ni wai in gwada. Mutanena suka bayyana a bakin wani kogi shuɗi. Na kwashe su na nufi tudu.

Bitrus ya ce, "Oga Idi, ina kuma za ka? Ga ruwa, ga ƙasa mai kyau!"

Na ce, "Wane mahaukaci ne zai kafa gari a bakin kogi? In ya cika fa?"

"Ba ya cika."

"Ba ya ja?"

"Ba ya ja."

Na ce, "To wannan ba kogi ba ne, zane ne. Wane wata muke ciki?"

Ya ce babu wata, shekara kawai ake ƙirgawa. Duniyar da ba damina ba rani, jama'a, wai ita ce za ta koya wa mutum mulki.

Na daure na ci gaba. Garina ya ɗan girma, na sauko na kama gidajen bakin kogin, rumbuna ya cika. Sai na ga mutanen wani sarki mai koren tuta suna ta kai da komo a bakin iyakata da dawakinsu. Ni a raina na ce bayin Allah jira suke. Na janye sojana daga bakin ruwan na mayar da shi gari. Na danna. Suka shigo suka kafa sansani. Na sake dannawa, sai ga garina da koren tuta a kai.

Sale ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ɗan Tasha, wa ya aike ka? Don me ka janye?"

Na ce, "Na gama girbi. Lokacinsu ne."

Ya share hawaye ya ce, "A nan babu lokacin kowa. Gida ɗaya, mai shi ɗaya. Ka ɗaga ƙafa, wani ya sa tasa."

Na juya wajen Bitrus na ce ya nuna mini inda ake dannawa a ba maƙwabci aron wuri zuwa faɗuwar ruwa. Bawan Allah ya duba da gaske. Akwai yaƙi, akwai sulhu, akwai ƙawance, akwai kyauta, akwai a sa maka haraji ko ka sa wa wani. Babu aro. Tun ranar na gane abin da ke damuna da wasan. Suna alfahari zaɓi ya fi ɗari, kuma gaskiya ne, amma duk ɗarin amsar tambaya ɗaya suke bayarwa: ta yaya zan fi kowa girma? Mai takobi da mai kasuwa da mai makaranta, duk wuri ɗaya suka nufa. Zaɓin da kakanninmu suka rayu a kai, ka ɗaga ƙafa kuma wurin ya zauna naka, ko a mafarki wanda ya ƙera abin bai gan shi ba.

Da a ofis abin ya tsaya, da yau dariya kawai zan ba ku. Sai Kawu ya rasu, riƙon fadama ya dawo hannun Sale. Lokacin kuwa ruwa ya riga ya canja hali tun da aka datse kogin a can sama, wata shekara ya zo, wata shekara ya yi rowa. Alkama tana kuɗi, injin ban-ruwa ya cika kasuwa. Sale ya kira ni zaure, ya ɗauki tsinke ya zana fadamar Kaka a ƙasa, ya yanka ta gida-gida. Da na ga gidajen nan sai na tuna da na wasan. Nan za a yi jinga a tare ruwa, nan za a kafa inji, a kewaye duka da waya mai ƙaya. Da an yanke shinkafa a zuba alkama.

Na ce, "Da an yanke shinkafa ai lokacin Arɗo ne."

Ya ce, "Rabin shekara wuri yana kwance, ba abin da muke samu sai kashin shanu. Kai hanya ɗaya ka sani, yadda Kaka ya yi. Ni na duba hanyoyin duka. In ban rufe ba, wani mai kuɗi zai zo daga birni ya rufe, mu koma 'yan ƙwadago a gonar kakanmu. Wanda ya tsaya jira, cinye shi ake yi. Kai ma ka gani da idonka."

Na ce, "A akwatin ofishinku na gani, Bature."

Ya ce, "Akwatin ya fi ka lissafi. Arɗo kuma ka bar ni da shi, zan yi sulhu da shi."

Na ce, "Faɗa kuka yi da za ku yi sulhu?"

Mun yi ta yi har aka kira la'asar. Ina da baki a maganar ta wajen rabon mahaifiyata, amma ita ta ce ba za ta tsaya gaban alƙali da ɗan wanta ba ko da fadamar zinariya ce. Aka yi jinga, masunta suka zo suka ga kwarinsu a toshe suka juya. Aka ja waya.

Ina nan ranar da Arɗo ya iso. Da hantsi ne, alkama ta fara tsirowa kore shar, inji yana ta bugawa. Shanun ne suka fara zuwa, don sun san hanya ba sai an kora su ba. Suka zo bakin waya suka tsaya, na baya suna turo na gaba. Can sai ga muryar tsohon, sanda a kafaɗa: "Ina bayina Barebari? Ubangidanku ya iso!" Ya matso ya ga wayar. Ya taɓa ƙayar da yatsa, ya ce, "Kai, wane bawan ne ya ɗaure mini gona? Ƙaramin bawa, kai ne?"

Sale ya fito, kuma don Allah ban ce ya yi rashin ladabi ba. Ya gaishe shi, ya yi masa bayani dalla-dalla, ruwa ya ragu, zamani ya canja. Ya nuna masa karan shinkafa da ya sa aka tara masa tuli guda a wajen shinge, kyauta, ya ce kowace shekara zai samu haka. Ya ce ya yi magana da wani a bakin hanya zai bar su su sauka. Duk ya tsara, ba abin da ya manta.

Arɗo ya dubi tulin. Ya dubi alkamar. Sai ya sauke sandarsa, ya cire takalmi, ya durƙusa a gaban Sale, yaron da aka yi sunansa a gaban idonsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, mun gode. Allah Ya ba da amfani."

Na yi maza na ce, "Kai ɗan daji, wa kake wa durƙuso? Bawanka ne fa!"

Ya miƙe ya dube ni ya ce, "Malam Idi, a gai da mutanen gida."

Ban taɓa sanin ya san sunana ba. Matansa suna tsaye a baya da ƙore a ka, ba wadda ta sauke. Aka juya shanun da ƙyar, don su ba su gane bayanin ba. Karan shinkafar nan yana wurin har ruwan bazara ya ruɓar da shi.

A hanyar gida Sale ya ce mini, "Ka gani? An rabu lafiya, ba faɗa." Wallahi har zuciyarsa yake faɗa. Shi a ganinsa ya buga da kyau: ya kama wuri, bai rasa soja ko ɗaya ba, abokin karawa har godiya ya yi.

Na san kuna jira in ce alkamar ta ƙone, ko inji ya fashe, ko Sale ya dawo yana cizon yatsa. Ba ta ƙone ba. Ta yi kyau shekara da shekaru. Ya gina gida, ya kai mahaifiyata Makka, ni kaina na ci taliyar alkamar nan da mai da yaji, har da ƙari. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, kafin ka ce me waya ta bi fadama kamar yaɗo. Kuma ban ce kwamfuta ce ta rufe fadamun ƙasar Haɗeja ba. Da yawa sun ja waya ba su taɓa ganin ko hotonta ba. Amma su sun san abin kunya suke yi, in sun hango Bafillace sai su sunkuyar da kai. Shi kuwa Sale, kansa a ɗage yake. Wasan nan ne ya wanke masa zuciya, ya sa masa suna mai daɗi a kan abin, ya ce dabara ce.

Yanzu in ina zaune a mota na ga samari kowa ya duƙufa a kan waya yana gina daula da babban yatsa, sai in ce ina ma Bature yana nan. Da shi zai sayi wayar da ta fi ta kowa faɗi, ya zauna yana karawa da mutanen Sin daga zaurensa, ya hana mu sakat da labari. Kwanaki a hanyar Kwatano na zauna kusa da wani ɗalibi yana buga irin wasan, sabon fitowa, hotuna kamar ka sa hannu ka taɓa. Ya ce yanzu zaɓin ya ninka, an sa addini, an sa zaɓe, har ambaliya an sa, kogi yana cika ya ci gari. Na ce madalla, sun fara hankali. Na tambaye shi aro fa? Ya ce ana iya buɗe wa maƙwabci iyaka ya wuce. Ya wuce, ba ya zauna ya ci ya bar maka taki ba. Shekaru sun ja, hotuna sun yi kyau, har yau gida ɗaya mai shi ɗaya.

Abin da ban sani ba shi ne me zai ce in ya ga fadamar kanta. Ciyawar kachala ta shaƙe hanyoyin ruwa, shekarar da ruwa ya ga dama ya zo da fushi ya ɓalle jinga ya kwashe har da inji. Makiyaya an matse su sai bakin kwalta, in an haɗu da manomi ba gaisuwa sai harara, kowa hannunsa kusa da abin da ke kugunsa. Ina jin da Sale zai ɗauki tsinke ya sake zane a ƙasa, ya ce kuskuren tun daga farko ne, a sake sabon wasa. A ofis in abu ya ɓaci haka suke yi, Bitrus ya danna, duniya ta koma baƙa, a sake ba ka mutanenka sababbi ful.

Sau ɗaya ya taɓa tayar mini da maganar, yana kwance a ciwon da bai tashi ba. Ya ce, "Ɗan Tasha, a yawonka ba ka taɓa cin karo da Arɗo ba?" Na ce na ji an ce sun yi gabas wajen Kamaru, kuma tsohon ya rasu a can. Na ce a raina yau dai zai amsa laifinsa. Sai ya ce, "Da ma ya karɓi karan nan." Kun ji Bature. Har ƙarshe yana ganin tayin ne bai yi daidai ba, da an ƙara wani abu a kai da an daidaita.

To me ya rage na Sale? Da yawa, kuma ba zan rage masa ba. Marayun danginmu da ya sa a makaranta suna nan, wasu su ne manyanmu yanzu. Bitrus ya taso tun daga Jos ranar ta'aziyya ya zauna a tabarma yana kuka kamar ɗan gida. Ni kuma tun da ya tafi ban sake samun wanda zan zaga ya rama da abin da ya fi nawa zafi ba, kuma wannan rashi ne da ba a yi wa mutum jaje a kai. Amma abin da ya fi duka daɗewa shi ne shingen. Ya yi tsatsa, ya karkace, yana nan tsaye.

Makon jiya mun taru a gidansa muka yi masa addu'a, aka ja ni da hira har na ba da labarin nan kamar yadda na ba ku, ban rage komai ba. Da zan tafi sai Habibu, babban ɗansa, wanda fadamar ke hannunsa yanzu, ya rako ni bakin mota. Ya ce alkamar ma ta daina biyan wahalarta, ƙasar ta gaji, takin kanti ya fi ƙarfinsa, kuma cire wayar ba zai ɗauke shi yini biyu ba. Na ce to me kake jira?

Ya riƙe murfin motar bai rufe ba. Ya ce, "Baffa, masu wucewa da shanu yanzu ban san sunan ko ɗaya ba, su ma ba su san nawa ba. In na buɗe, wa zan buɗe wa?"